Me ya sa Sarauniya Victoria take tsaye, mijinta yana zaune?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ga wani tsohon zane na Sarauniya Victoria ta Ingila tana tsaye riƙe da furanni, mijinta kuwa yana zaune cikin kayan farauta, ga karnuka da matattun tsuntsaye a cikin falo. Ba ita ce mai sarautar ba? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama, wannan zanen Edwin Landseer ne. Ya fara shi a 1840, shekarar da aka ɗaura auren Victoria da Yarima Albert, kuma cikin fadar Windsor ya nuna su.

Ita ce mai sarauta, tun 1837 take kan gado. Albert ɗan kawunta ne daga ƙaramar masarautar Saxe-Coburg ta Jamus, kuma da farko mutanen Ingila ba su karɓe shi hannu bibbiyu ba. Majalisa ta zabge kuɗin da aka nema masa daga fam 50,000 zuwa fam 30,000 a shekara. Ita ce ma ta fara yi masa maganar aure, don ba a tunkarar sarauniya da wannan zance. Shi da kansa ya rubuta wa wani abokinsa cewa shi miji ne kawai, ba maigida ba, kuma sai 1857 aka ba shi laƙabin Prince Consort, wato sarautar mijin sarauniya, a hukumance.

A ganina wannan giɓin zanen ya zo ya cike. Dubi Albert da kyau: bai cire takalman farauta ba, hannunsa na kan karyarsa Eos wadda ya zo da ita daga Jamus, tsuntsayen da ya harbo suna zube a gabansa. Namiji ke nan da ya fita ya dawo da abin hannu. Victoria kuma, cikin farar riga, ta zo tarbarsa da furanni kamar kowace matar gida. A gefe ga 'yarsu ta fari, wadda aka haifa a Nuwamban 1840, tana wasa da wani ƙaramin mataccen tsuntsu. Ba wanda yake shiga falon fada ya zubar da naman daji a kan kafet. Shirya abin aka yi don a isar da saƙo ga jama'a cewa gidan nan yana da maigida.

Sai dai Landseer bai sauke sarauniyar ba, kuma nan ne gwanintarsa ta burge ni. Da an tsayar da su biyun, Albert zai rufe ta, don Victoria gajeriya ce ƙwarai. Da ya zaunar da shi, sai kanta ya fi na kowa tsawo a ɗakin, Albert ne yake ɗaga ido yana kallonta. Ba rawani, ba karaga, amma har yanzu ita ce a sama.