Kaluluwa ba datti ba ce, ku daina sayen shayin wanke ta

Tambaya: Ɗana ɗan shekara huɗu ya taka ƙaya, bayan kwana uku sai kaluluwa ta fito masa a matsematsi. Mai kemis ya ce in sayi kafso, kakarsa kuma ta ce a kai shi wajen wanzami a tsaga. Tsoro ya hana ni barci. Wanne zan yi? Maman yaro, Funtuwa.

Amsa: Maman yaro, kwantar da hankalinki. Kaluluwar nan aikinta take yi. A jikin kowa akwai irin waɗannan 'yan ƙulle-ƙulle wajen 600, jibge a wuya da hammata da matsematsi da cikin ciki, cike da fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta. Ruwan da ya taso daga ƙafar da ta ji ciwo ta matsematsi yake bi, can aka tare ƙwayoyin cutar, shi ya sa wurin ya kumbura yana zafi. Ki kula da ƙafar: a wanke da sabulu da ruwa mai tsabta, a tabbata ba guntun ƙaya a ciki. Ciwo na warkewa, kaluluwa za ta sauka. Kada a tsaga, kada a matsa, ki ba Hajiya haƙuri. Kafso kuwa sai ma'aikacin lafiya ya duba ya rubuta. In zazzaɓi ya shigo, ko wurin ya yi ja yana tara mugunya, asibiti ranar nan. Wadda nake tsoro ita ce mai tauri marar zafi, wadda ta wuce mako biyu zuwa uku tana ƙara girma, musamman a wuya, ga rama ga gumin dare. Tarin fuka na yin haka, ciwon daji ma na yi. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.

Tambaya: Wata mai talla a WhatsApp ta ce hanyoyin ruwan jikina sun toshe da guba, shi ya sa nake kasala. Shayinta naira dubu goma sha takwas, akwai kuma injin da ake tsoma ƙafa ruwan ya yi baƙi. Wanne ya fi? Ma'aikaci, Kano.

Amsa: Malam, ka riƙe kuɗinka, ga azumi ga kuɗin makaranta. Ta ina ta gano toshewar, ta hoton da ka sa a waya?

Bari in faɗa maka abin da take ikirarin wankewa. Jini na zagayawa yana tsatso ruwa cikin tsoka don ya kai abinci. Yawancinsa yana komawa jijiya, saura kamar lita biyu zuwa uku a yini sai wasu siraran hanyoyi su kwashe. Ruwan nan garai-garai shi likitoci ke kira limf. Yana ratsa kaluluwa a tace shi, ya haura ta babbar hanya a cikin ƙirji, ya zuba cikin jijiyar jini a gindin wuya. Maiƙon abincin da ka ci ma ta nan yake shiga jiki daga hanji. Hanyoyin nan ba su da famfo irin zuciya. Motsin tsoka da numfashi ne ke tura ruwan, da 'yan ƙofofi masu buɗewa gefe guda don kada ya koma baya. Duk wanda ya zauna a mota daga Kano zuwa Legas ya ga yadda takalmi ke matse shi kafin a isa, ya kuma ga kumburin ya tafi da ya sauka ya taka. To ina shayi zai shiga nan da tsintsiya?

Da yawa daga irin shayin nan filasko ne ko danginsa a kwali mai ƙyalli. Ka sha, ciki ya murɗa, ka kwana kana zarya banɗaki, da safe ka ji sakayau ka ce guba ta fita. Ruwa da gishirin jikinka ne suka fita. Mai hawan jini da ke shan magani, da mai ciki, da mai ciwon ƙoda, wannan wasa na iya kwantar da su. Filaskon da za ka samu a Kurmi da 'yan canji, shi ake sayar maka dubu goma sha takwas saboda an liƙa hoton wata Baturiya. Injin ƙafa kuwa na taɓa tsayawa a kansa a wani shago. Na ce wa yaron ya kunna ba tare da kowa ya sa ƙafa ba. Ya yi ta kame-kame, daga baya ya kunna, ruwa ya koma kalar tsatsa kamar kullum. Ƙarfe ne a ruwan gishiri aka sa masa lantarki. Abin da ke ƙona min rai, mutum zai biya wannan da murna, amma a ce ya je a auna jininsa da sukari sai ya ce babu hali. Kasalarka na iya zama ƙarancin jini ko ciwon sukari ko rashin barci. Can za ka kai kuɗin. Lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, a kwali ma ba shaida ce cewa abu na yin duk abin da mai talla ta faɗa ba, balle wanda ba shi da ita.

Tambaya: Bel ɗin da ke girgiza tumbi yana narkar da kitse ya fita ta ruwan jiki?

Amsa: Ba ya narkar da komai. Ka rage cin dare, ka taka zuwa masallaci.

Tambaya: Ƙafar mahaifinmu ɗaya ta kumbura shekara biyu, fatar ta yi kauri. Wasu sun ce sammu ya taka. Mu sayi safar matse ƙafa ko mu nemi na gargajiya? Ɗansa, daga ƙauye.

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, ya saka maka da ɗawainiya. Bayaninka ya yi kama da tundurmi, amma likita ne zai tabbatar. Ba sammu ba ne. Sauro ne ke ɗauko tsutsa siririya kamar zare, ta zauna cikin hanyoyin limf shekara shida zuwa takwas tana lalata su, ruwa ya rasa mafita. Ita ce kuma ke jawo wa maza da yawa gwaiwa, wadda ƙaramar tiyata ke gyarawa. Ƙwayoyin Mectizan da albendazole da ake rabawa gida-gida kyauta ne, duk wanda ya ce ku biya ya cuce ku. Da irin rabon nan Filato da Nasarawa suka tsayar da yaɗuwar cutar, aka sanar a 2017, shekarar da Togo ma ta rabu da ita. Sai dai ƙwayar ba ta mayar da ƙafar da ta riga ta yi kauri, kada wani ya karɓe muku buhun masara da wannan alkawari. Safa sai an auna ƙafar a asibiti, ta gwanjo na iya yanka fata. Ku sayi sabulu, tawul mai laushi, takalmi mai faɗi da gidan sauro. A wanke ƙafar safe da yamma, a tsane tsakanin yatsu sosai, a ɗora ta kan matashi in zai kwanta. Tsaga da ƙaho haramun ne a wannan ƙafa, ta nan ƙwayar cuta ke shiga. Ranar da ta yi ja da zafi yana rawar ɗari, ku ɗauke shi zuwa asibiti kada a jira gari ya waye.