Hayar da ta haɗa da wuta da ruwa

Tambaya: Baba, an tura ni koyarwa Gumel. Na samu ciki da falo a gidan wani dattijo, ya ce kuɗin shekara ya haɗa da wuta da ruwa, amma ya ɗan fi na maƙwabta tsada. In karɓa? Malama, daga Jigawa.

Amsa: 'Yata, kafin ki ba da ko sisi, je ki duba mitar gidan. In mai kati ce guda ɗaya ta kowa, ki tambaye shi wa zai sa kati in ya ƙare tsakiyar wata, kuma ko ya yarda ki kunna hita da dutsen guga. Na taɓa zama irin wannan gida. Ranar da na sayo firji, kafin a gama sauke shi daga amalanke, mai gida ya iso yana cewa sai an ƙara kuɗi.

Ruwa kuwa, in na burtsatse ne, sai da wuta ake tura shi tanki. In aka ɗauke wuta kwana uku fa, wa zai biya 'yan garuwa? Duk abin da ya amsa miki, a rubuta a takarda gaban shaidu biyu, ki riƙe naki kwafin.