Tambaya da Amsa: Gardamar da wani tsohon fim ya tayar a fadar Garin Malam

Tambaya: Kawu, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a jami'ar André Salifou, fadarmu, wato majalisar hirarmu, tana Garin Malam. Ranar Asabar wani abokinmu ya zo da wani tsohon fim a kwamfutarsa, The Outsiders, mai muryar Faransanci, muka kalla muna shan shayi. Tun daga ranar gardama ta ƙi mutuwa. Telan fadarmu ya ce fim ɗin ragwaye ne, ƴan daba suna ta kuka, babban faɗa ɗaya tak a ciki. Mai kabu-kabunmu ya ce yarinyar fim ɗin munafuka ce: da dare ta sake da yaron talaka, sannan ta ce masa kada ya ji haushi in ba ta gaishe shi a makaranta ba. Wani yayanmu malamin makaranta kuma ya ce bai dace a kalli irin wannan ba a garin da ya sha wahalar ƴan pale, wato ƙungiyoyin ƴan dabar garin nan. Ni dai ya taɓa mini zuciya, amma na kasa kare shi. Wa ke da gaskiya?
Ɗanka, daga Garin Malam, Damagaram.

Amsa: Ɗana, Allah ya yi albarka. Ka gaishe mini da tela, ka ce masa ya ƙirga shekarun waɗanda yake kira ragwaye. Ponyboy, wanda labarin ke bakinsa, shekararsa 14, kuma maraya ne, iyayensa sun rasu a haɗarin mota. Abokinsa Johnny yana da 16, a gidansu duka ne abincinsa. Yaro mai shekara 16 ya soki mutum da wuƙa don ya ceci abokinsa da ake dannawa cikin ruwa, ya ga gawa a gabansa, me tela yake so ya yi? Ya yi kirari? Finafinan Sin da na Indiya sun saba mana da jarumin da ke zubar da mutum goma ya kaɗe riga, shi ya sa kukan yaro ke yi mana kama da kasawa. Wanda ya taɓa raka ɗan unguwarsu asibiti da sara a ka ya san wanne ne ya fi kusa da gaskiya.

Fim ɗin ya fito a 1983, Francis Ford Coppola ne ya shirya shi, kuma daga littafi aka ɗauko shi. Wata yarinya ce daga birnin Tulsa na jihar Oklahoma, S. E. Hinton, ta fara rubuta littafin tana makarantar sakandare, aka buga shi a 1967 tana da shekara 18. Masu bugawa suka ba ta shawarar ta sa haruffan farko na sunanta kawai, don kada a raina labarin ƴan daba da mace ta rubuta. Yadda ya zama fim ma masu karatu ne sila: ɗaliban wata makaranta a Fresno ta jihar Kaliforniya, tare da mai kula da ɗakin karatunsu, suka rubuta wa Coppola takarda a 1980 suna roƙonsa. Da fim ɗin ya fito, da yawa daga masoya littafin suka yi ta ƙorafin an yanke musu wurare, har a 2005 Coppola ya sake fitar da shi da ƙarin minti 22, ya kuma canja yawancin kiɗan da mahaifinsa ya tsara. Ka ga ba ku kuka fara gardamar ba. A gefe guda, ka duba fuskokin da kyau: akwai Patrick Swayze, da Ralph Macchio na Karate Kid, da wani Tom Cruise da a lokacin ba wanda ya damu da shi.

Maganar mai kabu-kabu ce ta fi cancantar a zauna a kanta, don na san inda ke masa ƙaiƙayi. Yarinyar, Cherry, ƴar masu kuɗi ce, kuma wanda Johnny ya kashe saurayinta ne. Duk da haka ita ce take kai wa yaran talakawa labarin shirin yaran masu kuɗi, ta kuma yarda cewa saurayin nata a buge yake kuma shi ya nemi rigimar. Abin da ta ƙi shi ne zuwa duba Johnny a asibiti, ta ce ba za ta iya kallon wanda ya kashe saurayinta ba. Ina munafunci a nan? Munafuka ita ce wadda za ta yi maka alkawarin aure a lungu, ranar da iyayenka suka je tambaya ta ce ba ta san ka ba. Ita wannan tun daren farko ta faɗa masa iyakar abin da za ta iya. Maganar tana da ɗaci, amma ba ita ta gina katangar ba, tarar da ita ta yi. Mu ma nan in saurayi ya je zance, kafin a tambayi sana'arsa an tambayi unguwarsu da asalinsa, kuma kowa ya san yadda fuska ke sauyawa in amsar ta zama Kara-Kara, unguwar talakawa da ake yi wa kallon raini. Ina jin haushin da abokinka ke ji da mu yake, ya dai sauke shi a kan yarinyar Amurka don ita ce ba za ta rama ba. Waɗanda kuma suka zauna jiran soyayya irin ta Indiya, da waƙa da haɗuwa a ƙarshe, sun yi asarar shayinsu. Soyayyar fim ɗin ba ta wuce ƴar hira da zancen faɗuwar rana ba.

Sai malam. Tsoronsa ba na banza ba ne, kuma ba zan yi masa musu ba cewa ƙungiyoyin pale da yawa a garin nan sun ari sunaye da shiga da taƙama daga abin da suka gani a allo. Amma ka tambaye shi ko ya kalli abin da ya biyo bayan babban faɗan. Yaran talakawa ne suka yi nasara, cikin ruwan sama da taɓo. Suka ruga asibiti su yi wa Johnny albishir, shi kuwa yana kwance da karyayyen baya da ƙuna da ya samu wajen ceton ƙananan yara daga gobara, ya nuna musu faɗan ba shi da wani amfani, ya cika. Dallas, wanda ya fi kowa taurin kai a cikinsu, ya kasa ɗaukar wannan rashi, ya yi fashi a wani kanti, ƴan sanda suka harbe shi a gaban abokansa. Washegari mai kuɗi yana nan da motarsa, talaka yana nan a unguwarsu. Ban ga yaron da zai kalli wannan da hankalinsa ya tashi yana sha'awar ɗaukar adda ba.

Aibin fim ɗin a wurina daban ne: ya cika kwalliya. Talaucin cikinsa wankakke ne, sararin sama kullum ja kamar an shafa masa lalle, yaran kuma duk kyawawa. In kuna son ganin abin ba ado, ku nemi fim ɗin da ƴar garin nan Aïcha Macky ta fitar a 2021 mai suna Zinder, wanda ta ɗauka a Kara-Kara tare da ƴan pale na gaske, suna ɗaga ƙarfe, suna fasa-ƙwaurin fetur, wasu suna fafutukar samun sana'ar da za ta fitar da su. Ku gayyaci malam ranar, ya zauna a gaba.

Mutum ɗaya ne na lura ba wanda ya ambata a fadarku, wato Darry, babban yayan Ponyboy. Shekararsa 20, ya haƙura da karatu yana aikin rufin gidaje don kada hukuma ta raba shi da ƙannensa biyu. Tsawa yake yi, har ya taɓa ture ƙanen nasa, abin da ya kori yaron waje a daren da aka yi kisan. Asabar mai zuwa ka jefa musu wannan tambayar: laifinsa ne ko ba laifinsa ba? Sai ka rubuto mini abin da tela ya ce.