Faifan Peter Gabriel na farko shi kaɗai, ya yi daɗi kuwa?

Tambaya: Malam, wai faifan da Peter Gabriel ya fitar a 1977 bayan ya bar ƙungiyar mawaƙa ta Genesis, ya cancanci a saurara?

Amsa: Ƙwarai kuwa ɗan'uwa. Muryarsa ta fito fes, kuma waƙar Solsbury Hill kaɗai ta isa, jita mai sanyi da wani irin bugu na bakwai-bakwai, har yau in na ji ta sai tsigar jikina ta tashi wallahi. Matsalar dai waƙoƙin ba su haɗu ba, kowacce da inda ta dosa, ga furodusa Bob Ezrin ya cika wa waƙar Here Comes the Flood kayan kiɗa har suka danne ta, shi ya sa na fi son wadda Gabriel ya sake rerawa a faifan makaɗin jita Robert Fripp na 1979.