Gyara kyamara don hoton infirared: me za ta nuna a tsohon zane da tsohon rubutu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a sashen adana littattafan hannu da zane-zane a wani gidan tarihi. Muna da kyamarar DSLR, irin mai madubi a ciki, da muka ajiye. Na ji an ce in aka cire wani gilashi a cikinta za ta riƙa ganin abin da ke ƙarƙashin fenti, da rubutun da ya dushe. Gaskiya ne? Zan iya yi da kaina? Me zan saya bayan haka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Gaskiya ne, amma tana da iyaka, kuma gara ka san iyakar kafin ka kashe ko sisi.

Idon mutum yana ganin haske daga kusan nanomita 400 zuwa 700. Sensar kyamara, wato ɓangaren da ke ɗaukar haske a cikinta, da yake da silikon aka yi ta, tana kaiwa kusan 1100. Masu ƙera kyamara ba sa son wannan rarar, wato infirared, domin tana ɓata launi, shi ya sa suke ɗora wani siririn gilashi mai ɗan shuɗi-shuɗi a gaban sensar ya tare ta. Gyaran da ka ji labari shi ne cire wannan gilashin. Abin da za ka samu ke nan a ɓangaren infirared, daga 700 zuwa 1100, ba ƙari. Manyan gidajen tarihi na Turai da Amurka suna leƙa ƙarƙashin fenti mai kauri ne da wata kyamarar daban mai sensar InGaAs, wadda ke kaiwa kusan 1700, bisa hanyar da wani masanin kimiyya, van Asperen de Boer, ya fito da ita a Holan a shekarun 1960. Taka ba za ta yi wannan ba.

Gyaran iri biyu ne. Ko a sa filtar infirared ta dindindin a ciki, ko a sa gilashi garau wanda ba ya tare komai, sai ka riƙa ɗaura filtar da kake so a bakin idon kyamarar. Ga aikin adana kayan tarihi na biyun ne ya dace, domin kana bukatar hoton haske na yau da kullum da na infirared daga kyamara ɗaya, a wuri ɗaya, ba tare da ta motsa ba.

Duba kyamarar tukuna: tana nuna hoto kai tsaye a allon bayanta kafin a ɗauka? In ba ta yi, bar ta a inda take. Da zarar ka ɗaura filtar infirared, tagar leƙawa za ta yi baƙi ƙirin, kuma na'urar da ke saita fokas da auna haske a DSLR ba abin da sensar ke gani take gani ba. Kyamara marar madubi ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, ko da ta hannu ce.

Batun yi da kanka, ana yi, amma ba da kyamarar da za a tambaye ka ita ba. Akwai kafasitar filasha a ciki da ke riƙe kusan bolt 300 ko bayan an cire batir. Siraran wayoyin ciki suna yagewa da ɗan ja kaɗan. Sensar tana zaune a kan sukurori ko ƴan faranta da aka daidaita tun daga masana'anta. In ta karkace ko da kaurin gashi ne, gefe ɗaya na hoton zai fito tas, ɗayan a dushe. Dole gilashin da za a musanya ya yi daidai da wanda aka cire a kauri, in ba haka ba fokas ya goce. Sai ƙura: duk wadda ta maƙale tsakanin sensa da sabon gilashi ta zauna ke nan, tana fitowa a kowane hoto, saboda haka kada a buɗe kyamara lokacin hunturu a ɗakin da iska ke kaɗawa. Kamfanoni irin su Kolari Vision da LifePixel da MaxMax a Amurka sana'arsu ke nan, suna kuma sayar da wadda aka riga aka gyara.

Filta uku sun isa a fara. Ɗaya mai mayar da kyamarar ganin yau da kullum, kamar X-Nite CC1 ko Peca 918. Ɗaya ta infirared mai nanomita 830 ko 850, kamar Schott RG830 ko B+W 093, ita ce za ta yi yawancin aikin. Ta ukun RG1000, wadda ke ratsa fenti fiye da sauran, sai dai a can sensar ta kusa makancewa, ɗauka tana daɗewa sosai. Hoya R72 ta fi sauƙin samu, amma tana barin ɗan jan haske ya shiga, sakamakon ba ya fita sarai.

Inda aka fi yin asara shi ne fitila. Ƙwan LED na gida da dogon ƙwai kusan ba su da infirared, sai mutum ya ga hoto ya yi duhu ya ɗora wa kyamara laifi. Fitilar halojin biyu ake so, ɗaya dama ɗaya hagu, kowace a karkace digiri 45, nesa da abin kamar mita biyu. Halojin tana da zafi, tsohuwar takarda da fata kuwa ba sa son zafi: kunna, ɗauka, kashe. Fitilun LED na infirared masu 850 ko 940 ba su da wannan zafin, sai dai ido ba ya ganin haskensu, kada a zura musu ido daga kusa.

Kafa kyamarar a kan ƙafa mai ƙarfi, ISO 100 ko 200, a ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil na kyamara, ƙofar haske tsakanin f/5.6 da f/8. Duk sanda ka canja filta, sake saita fokas da hannu kana zuƙo hoton a allo, domin infirared ba ya haɗuwa a inda haske na yau da kullum ke haɗuwa. Jan ɗigon da ke jikin tsofaffin idanun kyamara alamar wannan ce. In ka ga farin tabo a tsakiyar hoto, daga idon kyamarar ne, haske ke kai da komo a cikinsa, kuma yana tsananta in an matse ƙofa zuwa f/11 ko f/16. Gwada shi a kan farar takarda kafin ka kusanci kayan tarihi, kada ka rubuta tabon a rahoto a matsayin gyaran da wani ya yi wa zane. A DSLR rufe tagar leƙawa, haske yana silalowa ta nan.

To me za ka gani? Abin da ke da kabon, wato gawayi da kunkunniya da fensir, yana shanye infirared ya fito baƙi. Yawancin jan launi da tsohon man sheƙin da ya yi duhu suna zama kamar gilashi. Shi ya sa zanen farko da aka yi da gawayi a kan farin shafe yake bayyana a ƙarƙashinsu. Amma launukan fenti irin su azurait da malakait da shuɗin Furusiya suna tare hanya, haka fenti mai kauri, kuma in da jan alli aka yi zanen farkon ba za ka gan shi ba sam.

A littattafan hannu ne kyamarar za ta fi biyan ka. Tawadar gawayi ko kunkunniya da aka haɗa da ƙaro tana nan baƙa wuluk har 1000, ko da takardar ta yi tabon ruwa ko ta yi ja don tsufa, domin tabon yakan ɓace ya bar rubutun. Tawadar da aka haɗa da bagaruwa da ƙarfe tana dusashewa a hankali yayin da kake hawa daga 720 zuwa 1000. Ta tsirrai zalla kuwa tana ɓacewa tun a filtar 830. Da haka kake gane cewa sharhin gefe ba da tawadar matanin aka rubuta shi ba, ko an bi wani layi da sabon alƙalami. Kishiyar wannan ita ce: in rubutun da ya dushe na tawadar ƙarfe ne, infirared ƙara ɓatar da shi zai yi, hasken altrabayolet ne maganinsa. Amma wannan ɓacewar tana da amfani in ka sa fitila marar zafi a bayan warƙa kana neman tambarin cikin takarda, irin jinjirin wata uku na takardun Italiya da suka cika littattafan ƙasar Hausa da Barno.

Akwai kuma haɗa hoton yau da kullum da na infirared a kwamfuta: infirared ya koma gurbin ja, ja ya koma na kore, kore ya koma na shuɗi. A nan shuɗin baba da shuɗin altramarin suna fitowa ja, azurait ya tsaya shuɗi mai duhu. Alama ce kawai, ba ta isa a yanke hukunci a kan sinadari ba. Sai ka daidaita hotunan da kyau kafin haɗawa, domin sauya fokas yana ɗan sauya girman hoto.

Kafin ka taɓa littafi ko ɗaya, samo tawada iri uku daga hannun mai haɗa ta, wanda zai gaya maka abin da ya zuba a kowace, ka ja layuka a takarda guda, ka ɗauke su da kowace filta. Ka riƙa ajiye wannan takardar da katin launi a gefen duk abin da za ka ɗauka, kana rubuta filta da fitila da nisa da ƙofar haske a sunan fayil ɗin.