Wasan haɗa kalmomi yana ƙara wa mutum kalmomi?

Ka tambaya ko wasanni irin su Wordle da Scrabble suna ƙara wa mutum kalmomi, ko hutu ne kawai da cin lokaci. Suna ƙarawa, amma ba yadda ake zuzutawa ba. Abin da suka fi yi shi ne tono kalmomin da ka riga ka sani suka kwanta a ƙwaƙwalwa, su kuma gyara maka rubutunsu. Wordle ma kalma ɗaya ce a rana, mai haruffa 5, ana ba ka dama 6, kuma yawancinsu ka san su tun da.

Sharaɗin shi ne ka duba ma'ana. Ni na shafe watanni ina cin wasa da kalmomin da na canka kawai, washegari ko ɗaya ba na iya tunawa. Sai da na fara buɗe ƙamus bayan kowane wasa, ina sa kalmar cikin jimlar da na ƙirƙira da kaina, sannan suka fara zauna mini. Minti biyu ne kawai, bai hana ni jin daɗin wasan ba.