Gwanjo ya yi min kwantai, in sayi dila in dinga mayar da shi kayan yara?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ina sana'ar gwanjo a gida, kayan mata da na yara nake sarowa a Ƙofar Wambai ina sayarwa a unguwa, amma duk sarin da na yi sai an bar min kwantai, yanzu haka bakko biyu ne cike a ɗakina. Ina da keken ɗinki Butterfly na ƙafa kuma na iya ɗinki daidai gwargwado, kwanaki na yanka wata ƙatuwar riga na yi wa 'yata 'yar doguwar riga, maƙota suka yi ta tambaya ina na saya. Ƙarshen wata zan ɗauki adashe dubu 300, shine nake tunanin in sayi dila sukutum in dinga yankawa ina ɗinkawa ina sayarwa, shi kuma maigidan yace keken wuta ya kamata in saya. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sa wa nema albarka. Gaskiya ni dai ba zan ce ki sayi ko ɗaya a ciki yanzu ba, ba dilar ba, ba keken ba, ki ba maigida haƙuri. Tunanin naki na juya gwanjo ya koma kayan yara yana da kyau sosai, sai dai inda kike shirin zuba kuɗin ne ba nan ribar take ba.

Mu fara da dila. Kin fi ni sanin yadda take, a ɗaure take zuwa da wayoyinta, ba'a buɗe miki ki duba, kin biya kin ɗauka shikenan, in kin yanke wayar abin da kika tarar shine rabonki. Kuma tsadar da take yi ba daga 'yan Wambai take ba. Kayan sawa na gwanjo suna cikin jerin abubuwan da kwastan ta hana shigowa da su Najeriya, shi yasa mafi yawansu sai an sauke a Kwatano sannan a san yadda aka yi suka tsallako, kowace hanya da kuɗinta, ga shi da dala da sefa ake sayensu. Kin tuna yadda kaya suka tashi lokacin da aka rufe boda a watan Agustan 2019 har zuwa Disamban 2020, sannan tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 dala ta tashi daga wajen 460 ta wuce 1,500 cikin ƙasa da shekara ɗaya, dila ta bi ta. To mai sayen dila abin da yake mayar masa da kuɗinsa shine kayan sama, waɗancan masu kyau da ake rububinsu da safe in an fasa, su ne suke biyan kuɗin dilar, sauran kuma a yi ta lallaɓawa. Ke kuma wai so kike ki sayi dilar da wannan tsadar ki sa mata almakashi. Kayan saman ba za ki iya yankawa ba don asara ce ƙarara, riga ce da za ta sayu yadda take, na ƙasan kuma rabi ba za su yi miki ba, wasu roba ce mai ja, wasu sun mutu, wasu ƙanana ne ba abin da zai fita a jikinsu. Ƙarshenta bakko biyun nan naki su zama biyar.

Abin da nake so ki gane shine yanzu ke ba riga za ki je saya kasuwa ba, yadi za ki je saya, yadin da ya zo a siffar riga ko zanin gado ko labule. In kika shiga Wambai da wannan idon sai ki ga abin da kowa yake tsallakewa shine naki. Manyan rigunan maza na Turawan nan masu XXL da XXXL da ba mai ɗauka saboda ba jikin da zai cika su, dogayen siket masu faɗi da zif ɗinsu ya lalace, zanin gado da ya rasa rigar filonsa, labulen da ya zo guda ɗaya babu ɗan uwansa, duk waɗannan kwantai ne a wurin mai tebur, kuɗinsa ne a kwance, neman wanda zai raba shi da su yake. Kar ki je da sassafe lokacin da ake fasa dila ana turereniya, ki bari sai yamma an gama zaɓe jiki yayi sanyi, ki tsinci ashirin ko talatin ki yi ciniki a dunƙule, kuma ki riƙe mutum biyu ko uku su san ki, ki ce musu duk wani ƙaton auduga da ya ƙi tafiya su ajiye miki. Wata biyu ba za'a yi ba za ki ga su suke kiranki.

Zanin gado ma dai shine na fi so ki sa wa ido. Babban zanin gado na mutum biyu in kika auna faɗinsa da tsawonsa kika kwatanta da faɗin atamfa, ya kai wajen yadi biyar, kin ga saura kaɗan ya cike turmi tunda turmi yadi shida ne, kuma da yawansu auduga ce mai laushi wadda yaro zai sha iska a cikinta lokacin zafin Maris da Afrilu. Sai dai ki ɗaga shi sama ki kalli rana ta cikinsa, tsakiyar nan inda aka yi shekaru ana kwanciya ita take fara cinyewa, in kika ga haske yana ratsa tsakiya fiye da gefe to tsakiyar ta tafi, gefe-gefen kawai za ki mora, sai ki taya da wannan lissafin. Riga kuma hammata da wuya da bakin hannu ake dubawa, sannan ki kama yadin da hannu biyu ki ɗan finciko, in kika ji ya yi ƙara kamar zai tsage ki ajiye musu kayansu ko da kyauta ne, don wanki biyu zai yi a jikin yarinya uwar ta dawo miki da shi, kuma a unguwa labarin riga ɗaya da ta yage ya fi labarin goma masu kyau saurin yawo.

Ita rigar maza mai maɓalli ga yadda ake cin moriyarta. Kar ki farke ta gaba ɗaya. Ki juya gabanta ya zama bayan rigar yarinyar, layin maɓallan nan da ramukansu da kamfani ya riga ya yi sai su zama mabuɗin baya, kin huta da sayen zif kin huta da huda rami. Kalmasar ƙasan rigar ki bar ta yadda take ta zama ƙasan doguwar rigar, ɗinkin inji ne wanda kekenki ba zai yi kamarsa ba. Hannayen biyu kuma in dogaye ne su za ki yanke ki haɗa su zama wandon jariri ko ɗan gajeren wando, ki zura roba a ƙugu. Riga ɗaya ta ba ki kaya biyu, kuma aikin da za ki yi bai kai rabin na wanda ya fara daga sabon yadi ba. Amma ki wanke kafin ki yanka, ki jiƙa ki shanya a rana sosai warin gwanjon nan ya fita, don shi ne abu na farko da mai saye za ta shinshina, kuma a wankin ne mai zuba zai nuna kansa tun kafin ki ɓata zarenki.

Yanzu mu zo lissafi, wanda nan ne mata da yawa suke cutar kansu suna murna. Bari in yi miki misali, ke sai ki sa farashin da kika tarar. A ce kin sayi rigar 1,500, zare da roba da omo da gawayin guga da leda sun ci 400, kuɗin adaidaita in kika raba shi a kan kayan da kika ɗauko kowanne ya ɗauki 200, kin ga 2,100 kenan. Sai ki ce ai in na sayar 3,500 na ci 1,400. A'a. Ina kuɗin ɗinkinki? Ki tambayi kanki nawa telan unguwarku zai karɓa ya ɗinka rigar yarinya 'yar shekara huɗu, in 1,500 ne to ki rubuta 1,500, don da kin zauna kin ɗinka wa wata da yadinta da wannan kuɗin ya shigo hannunki ba tare da kin sa sisi ba. Yanzu rigar ta tsaya miki 3,600, a 3,500 faɗuwa kika yi kina dariya. Sannan cikin goma sai an samu ɗaya da yanka ya ɓaci ko tabo ya ƙi fita, ita ma 'yan uwanta tara ne za su biya ta. Shi yasa ɗan wandon nan na hannun riga ba wasa ba ne, shi ne ribar, kuma shi yasa zanin gadon da zai fitar da riga huɗu ko biyar ya fi riga ɗaya mai kyau.

Kuma farashinki yana da rufi, ba yadda kika ga dama za ki sa ba. A ƙasanki akwai gwanjon yara da kowa ya san kuɗinsa, a samanki akwai redimed na Chana da ya cika Kwari da Sabon Gari, sabo fil a ledarsa. In kika kai kuɗin redimed uwa za ta ce gara ta sayi sabo ko da kuwa wanki uku zai yi ya koɗe. Wurin zamanki tsakiya ne, kuma abin da za ki sayar da shi shine auduga ce, tana da tsawo, tana rufe jiki, wanda shi ne abin da gwanjon yara mata yake rasawa, yawancinsu guntaye ne marasa hannu iyaye suna saya suna ƙunƙuni. Dan Allah kuma ki faɗa musu daga gwanjo kika yi, kar ki bari a ɗauka sabon yadi ne, hadisin wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu kin san shi, kuma ko ba don haka ba wata rana sai wata ta ga tambarin kamfani a cikin kalmasa.

Kar ki sa rai da kasuwar sallah, kayan sallah sabo ake so ko da bashi ne. Naki kayan zaman gida ne da na islamiyya da na zuwa gidan kaka. Abin da zan ce ki yi wa tanadi shine sanyi, ki sayi manyan suwaita da barguna marasa nauyi a watan Afrilu da Mayu lokacin da ba mai kallonsu, ki mayar da su rigunan sanyi da huluna na yara ki ajiye, Disamba na kamawa su za su nemi ki. Sai dai nan ne kekenki zai gaza, Butterfly ɗin nan baƙi ɗinki ɗaya ya iya, miƙaƙƙe, yadi mai ja kuwa in ba'a yi masa wibin ba, wato ɗinkin nan da ake kame bakin yadi da shi, bakinsa warwarewa yake ɗinkin ya tsinke. Saboda haka in ma keke za'a ƙara nan gaba, keken wibin ne ba na wuta mai gudu ba, gudu ba shi ne matsalarki ba tunda ba ki da odar da ta fi ƙarfin ƙafarki, ga wutar ma sai an ga dama a kawo. Kafin nan ki tara kayan ki kai shagon da ake wibin ki biya kuɗin guda-guda.

Dubu 300 ɗin nan ni da nice ba zan taɓa fiye da kashi ɗaya cikin uku ba. A kira mai gyara ya wanke keken ya sa masa mai ya canza bel, ki sayi almakashi mai kyau wanda yara ba za su yanka takarda da shi ba, allura lamba 14 ta auduga da 16 ko 18 ta jins, zare launi-launi, roba, alli. Ki samu kwali ki yanka ma'auni uku kacal, na 'yar shekara biyu, huɗu, shida, ki dinga ɗorawa kina zanawa, ranar yanka daban ranar ɗinki daban, ya fi ki ɗauki riga ɗaya ki yi ta juyata kina tunanin me za ta zama. Bakko biyun nan na ɗakinki da su za ki fara, ki zazzage ki ware auduga gefe, kuɗinsu ya riga ya fita tuntuni duk abin da suka kawo ceto ne. Ki yi guda talatin, samfuri biyu kawai, ki goge su tsaf ki sa a leda ki ɗora a sitatus na WhatsApp, ki samu littafi ki rubuta me kowacce ta ci, minti nawa ta ɗauke ki, kwana nawa ta yi kafin ta tafi. Wanda ya tafi cikin sati ki ƙara, wanda ya wuce wata ki daina ko da ke kina sonsa. Sauran kuɗin ki sa su a asusun da ba na cefane ba.

Bashi kuwa kin san halin unguwa, bari in Baban su ya dawo, bari a yi albashi. Rigar dubu huɗu ba ta kai a bi ta bashi ba, kunyar tambaya kaɗai za ta sa ki yafe. Wadda ba ta da shi cikakke ta ba da rabi ki ajiye mata rigar, ranar da ta cike ta ɗauka.

Sai gyara, kar ki raina shi don ba ya cin jari. Duk matar da ta sayi gwanjo a hannunki tana da wandon da yake son a rage ko siket ɗin da yake son zif, ki faɗa musu kina yi, kuɗi ne hannu da hannu kuma shi zai riƙe miki kuɗin zare da adaidaita a satin da riguna suka yi shiru. Ƙyallayen da suka rage ma ki tara a buhu kar ki share, manya ki haɗa su a yi ɗaurin gashi da 'yar jakar littafin islamiyya, ƙananan kuma ki yayyanka su ki cusa a matashin kai.